Yaya ake auna nasarar shirin tallafi a ƙauyen da mutanensa suka watse?

Jami'in Bibiya, Gusau, ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina aiki a sashen bibiya da tantancewa na wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta a nan Gusau, kuma an ɗora mini rubuta rahoton ƙarshe na wani shiri da muka fara a ƙarshen 2022 a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Maru da Anka. Mun raba wa mata awaki bisa sharaɗin kowace ta miƙa 'yar akuyar farko ga wata matar, mun ba ƙungiyoyin manoman rani injinan ban ruwa, mun kafa ƙungiyoyin adashi, sannan mun gyara rijiyoyin burtsatse da suka lalace. Yarjejeniyar da muka sa wa hannu da masu ba da kuɗin ta ce za a auna nasara ne da ƙaruwar kuɗin da magidanta ke samu, ta hanyar kwatanta binciken da aka yi kafin farawa da wanda za a yi a ƙarshe.

Halin da ake ciki yanzu shi ne ƙauyukan sun kasu uku. Akwai waɗanda ma'aikatanmu ke iya zuwa su dawo a yini guda, akwai waɗanda sai ɗan gari kaɗai ke iya shiga saboda 'yan bindiga sun kama hanya, akwai kuma waɗanda aka tashe su gaba ɗaya, mutanensu suna zaune a garin Anka, ko Gusau, ko wajen dangi a wasu jihohi. Wasu abokan aikina na ganin mu yi binciken a rukunin farko kawai, mu rubuta cewa sauran ba su shiguwa, tunda babu wanda zai zarge mu a kan haka.

Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki a kan abubuwa uku. Shin adalci ne a yanke hukunci a kan shirin da abin da aka gani a ƙauyukan da ke zaune lafiya kaɗai? Yaya zan bambance abin da shirin ya jawo daga abin da tsadar kaya da rashin tsaro suka jawo? Sannan matar da ta sayar da awakin da muka ba ta domin ta yi kuɗin mota ta fitar da 'ya'yanta, ko ta haɗa kuɗin fansar mijinta, a wane gurbi zan sa ta, cikin waɗanda shirin ya amfana ko cikin waɗanda ya gaza a kansu?

Tsohon Malamin Gona, Talata Mafara, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta farko tana da gajeriyar amsa: ba adalci ba ne, kuma rahoton da aka gina a kan ƙauyukan bakin hanya zai yi kyau a takarda ne kawai domin an cire waɗanda suka fi shan wahala daga lissafi. Mutane kuka ba tallafi, ba ƙasa ba, saboda haka inda duk mutumin ya koma, can aikin tantancewa zai bi shi.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, abin da ake ƙirgawa shi ne yawan filin da aka shimfiɗa wa magudanan ruwa da yawan amfanin da aka girbe a cikinsa. Manoman da tafkin ya cinye gonakinsu da waɗanda aka ƙwace wa fili ana aikin shimfiɗa ba su cikin wannan lissafi, har sai da rikicin biyan diyya ya kai ga zubar da jini a 1980. Haka kuma masu noman fadama da masunta da ke ƙasa da madatsar, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga ambaliyar da gulbin ke yi duk shekara, sun yi asarar da ba a rubuta a shafin nasarorin aikin ba. Wanda ya auna cikin shingen aikin kawai zai ce an ci riba, kuma ba ƙarya ya yi ba, amma rabin labarin ya faɗa.

Game da auna kuɗin shiga, shawarata ita ce ka rage dogaro da naira. Manomin Ɗansadau ko Bagega ba ya riƙe lissafin shekararsa da kuɗi, yana riƙe shi da dami da buhu da tiya. Ka tambaye shi dami nawa na gero ya sa a rumbu bara, nawa ya sa bana, kuma a wane wata rumbun ya ƙare har ya fara awo a kasuwa. Gidan da a da hatsinsa ke ƙarewa a watan Afrilu, yanzu yana kai shi Yuli, ya ci gaba ko da ba ya iya nuna maka ko sisi. Ka kuma tambaye shi gonaki nawa gare shi da kuma nawa daga ciki ya iya nomawa, domin a wurare da yawa gonakin daji, waɗanda su ne manya, an bar su, sai na bayan gari ake taɓawa. A wasu wuraren ma an hana shuka dawa da gero kusa da hanya ko kusa da gari saboda tsayinsu yana ba maharan mafaka, sai wake da gyaɗa da waken suya. Idan ba ka rubuta wannan ba, za ka ɗora wa iri ko taki laifin raguwar amfani alhali filin ne ya ragu.

Akwai kuma kuɗin da babu gurbinsa a takardun tambayoyinku, wato harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa gari kafin shuka da kafin girbi, da aikin tilas da suke sa mutane a gonakin da suka ƙwace. Buhu goma da aka girbe aka ba da uku ba buhu goma ba ne. A nan ne tambaya mai nauyi take, wadda na fi so ka ba muhimmanci fiye da ta kuɗin shiga: shin kayan da kuka raba sun jawo wa garin ido? Garin da aka ga motar kaya ta shiga, aka ji ƙarar sababbin injina a fadama, aka ga awaki masu alama a kunne, yana iya wayar gari an ninka masa haraji. In haka ta faru, tasirin shirinku ne, kuma wajibi ne ya fito a rahoto kamar yadda ribar albasa za ta fito.

Matar da ta sayar da awaki kuwa, ni a wurina dabbar ta yi aikin da ake kiwonta dominsa. Tun fil azal akuya ita ce ajiyar mace a karkara, ana sayar da ita ranar da buƙata ta taso. Sai dai kada ka rubuta ta a matsayin wadda sana'arta ta bunƙasa, domin ba ta bunƙasa ba. Ka buɗe mata gurbi na dabam, na waɗanda tallafin ya zame musu abin fita daga masifa, kuma ka raba wadda ta sayar don tsira da wadda aka kore wa dabbobin da wadda cuta ta kashe mata su. Hanyoyi uku ne na rasa akuya, kuma kowace tana koya wa mai tsara shiri na gaba abu dabam.

Malama Mai Tattara Bayanai, Zuru, ta amsa:

Na yarda da abin da Baba ya faɗa, amma ina so in ja hankalin Malam Jami'i ga yadda ake samo waɗannan amsoshi, domin mu da ke riƙe takarda ko waya muna shiga gidaje mun san cewa tambaya tana iya zama haɗari ga mai yi da mai amsawa. Na yi irin wannan aiki a Danko-Wasagu da Sakaba, inda halin bai bambanta da na Maru ba sosai.

Kada ka tura kowa ya tambayi magidanci kai tsaye nawa ya biya 'yan bindiga, ko wa ya karɓa, ko wa ya kai. Mutane suna zaune cikin tsoron masu kai rahoto, kuma wanda aka gani yana doguwar magana da baƙo mai rubutu yana iya shiga uku daga ɓangarori biyu, daga 'yan bindiga da kuma daga 'yan sa-kai ko jami'an tsaro da za su ce yana hulɗa da ɓarayi. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi tambayar a kan gari baki ɗaya, a wurin da mutum ya sami natsuwa, kamar ranar kasuwa a babban gari, a ce masa: cikin abin da garinku ya noma bana, kamar kashi nawa ya fita ta hanyar da ba ku so? Za ka sami ƙiyasi, kuma ƙiyasin da aka bayar cikin kwanciyar hankali ya fi adadin da aka faɗa cikin tsoro. Haka nan tambayar dukiya. A inda ake satar mutum gwargwadon abin da ake zaton danginsa za su iya biya, babu mai hankalin da zai lissafa wa baƙo shanunsa da buhunansa. Jerin sunayen masu cin gajiya da lambobin wayarsu da adadin abin da suka mallaka, idan ya faɗa hannun da bai dace ba, ya zama jagorar masu garkuwa. Ka cire sunaye daga takardun amsa, ka sa lambobi a madadinsu, kuma kada mai shiga daji ya ɗauki wayar da ke ɗauke da cikakken jerin.

Akwai wata ɓoyayyar hanyar samun kuɗi a yankinku da za ta rikita maka lissafi, wato haƙar zinare. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ba ta ɗage haramcin ba sai a Disambar 2024, saboda haka a mafi yawan lokacin shirinku mutum ba zai gaya maka ɗansa yana ramin zinare ba. Gida yana iya farfaɗowa da kuɗin rami, kai kuma ka rubuta cewa adashi ne ya ɗaga shi. Mutanen Anka da Bukkuyum ba su manta da gubar dalma ta 2010 ba, wadda ta kashe yara kimanin 400, kuma sun san abin da ke biyo baya idan hukuma ta sa ido a kan haƙar, don haka shirun nasu yana da dalili.

Game da neman waɗanda suka watse, mata sun fi kowa sanin inda kowa yake. Shugabar ƙungiyar adashi tana iya gaya maka wadda ta koma Gummi, wadda ke aikatau a Gusau da wadda ta rasu, domin ita ke bin bashin zubi. Yawancin masu gudun hijira a Zamfara da Kebbi ba su cikin sansani, suna gidajen dangi, da kangaye, da gine-ginen da ba a kammala ba, saboda haka rajistar hukuma ba za ta kai ka gare su ba. Ka ɗauki mata masu tambaya domin matan aure, kuma kada a yi hirar a gaban miji ko mai unguwa idan ana son a ji wa ya yanke shawarar sayar da akuyar da kuma hannun wa kuɗin ya shiga. Binciken waya yana taimakawa, amma ka tuna wayar gida yawanci tana hannun namiji, kuma mafi talauci su ne marasa waya. Ka kuma tuna abin da ya faru a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya tare da kasuwannin mako: duk wanda ya dogara da waya kaɗai ya zauna babu labari har tsawon makonni.

Abu na ƙarshe da ba a cika son ji ba shi ne batun wanda aka bari tun farko. Idan ta hannun hakimi da shugabannin ƙungiyar manoma aka tsara jerin sunaye, to da wuya ka ga Fulanin rugagen da ke gefen garin a ciki, ko zawarawan da ba su da mai tsaya musu. Idan injin ban ruwa ya sa an faɗaɗa lambu har ya toshe burtali ko mashayar dabbobi, shirin ya ƙara wa rikicin da ya tarar itace. Ka nemi jin bakin waɗanda ba su amfana ba, ko da kaɗan ne.

Malamin Ƙididdiga, Birnin Kebbi, ya amsa:

Baba da Malama sun gama da ɓangaren fili, ni zan tsaya a kan lissafi, musamman tambayarka ta biyu.

Kwatanta naira ta 2022 da naira ta yau ba tare da gyara ba kuskure ne babba. Tsakanin binciken farko da na ƙarshe an yi ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 saboda sauya fasalin naira, an cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 inda litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 ko fiye cikin 'yan kwanaki, an saki darajar naira a watan Yunin shekarar, sannan hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024. A ɗauka, a matsayin misali, magidanci yana samun naira 40,000 a wata a da, yanzu yana samun 60,000. A takarda ya ƙaru da rabi, kuma za ku ce kun cika alkawari, amma idan tiyar masara ta ninka a wannan tsakani, abin da yake iya ciyarwa ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Mafita mai sauƙi ita ce ka mayar da kowane kuɗi zuwa tiyar hatsi bisa farashin kasuwar da mutanen ke ci a watan da aka yi tambayar. Farashin kasuwar kusa ya fi alƙaluman ƙasa baki ɗaya amfani a nan, domin garin da aka datse wa hanya yana da tsadarsa ta kansa. Tashin fetur kuma ya shafi injinan ban ruwanku kai tsaye, don haka ka bincika awa nawa injin ke aiki a mako, kada ka tsaya ga ko yana nan. Ka kula da lokaci ma: idan an yi binciken farko da kaka, rumbu cike, to kada a yi na ƙarshe a watan Agusta.

Hanyar da aka saba bi wajen ware tasirin shiri ita ce kwatanta waɗanda suka amfana da makamantansu da ba su amfana ba, kamar yadda masu binciken IFPRI, cibiyar duniya mai nazarin manufofin abinci, suka yi wa shirin tallafa wa manoma na Fadama na biyu, wanda Kebbi na cikin jihohin da suka gudanar da shi. Wannan hanya tana buƙatar rukunan biyu su fuskanci yanayi iri ɗaya in ban da shirin. A wurinku hari ba ya faɗa wa ƙauyuka daidai wa daida, saboda haka idan ka kwatanta ƙauyen shiri da ke bakin titi da ƙauyen da ba na shiri ba da ke bakin dajin Kuyambana, tsaro ka auna. Ka fara rarraba ƙauyukan gwargwadon abin da ya same su, ta hanyar zama da dattawa a jera abubuwan da suka faru wata bayan wata: yaushe aka kai hari, yaushe aka rufe kasuwa, yaushe aka yi sulhu, yaushe ya warware. Daga nan sai ka kwatanta mai shiri da marar shiri a cikin rukuni ɗaya. A irin wannan kwatance, nasara tana iya zama cewa kowa ya yi ƙasa amma naku ba su kai sauran faɗuwa ba, kuma wannan sakamako ne na gaske da ya cancanci a rubuta shi ba tare da jin kunya ba.

Waɗanda ba a samu ba kuwa, kada su ɓace daga teburin alƙaluma. Ka fara rahoton da bayyana mutum nawa aka yi wa rajista, nawa aka samu a gida, nawa aka samu a gudun hijira, nawa suka rasu, nawa kuma ba a san inda suke ba. Sannan ka fitar da sakamakon sau biyu, sau ɗaya bisa zaton waɗanda ba a samu ba suna daidai da waɗanda aka samu, sau ɗaya kuma bisa zaton sun rasa komai. Gaskiya tana tsakanin biyun, kuma idan tazarar ta yi faɗi har ba a iya cewa komai, to wannan ma abin faɗa ne. Idan kuɗin bincike ba su isa a bi kowa ba, ka zaɓi wasu daga cikin ɓatattun ta hanyar ƙuri'a ka nace wajen nemo su, domin hakan ya fi ka tara amsoshin waɗanda suka kawo kansu.

Ina kuma ba ka shawarar ƙara ma'aunai biyu da hukumomin agaji suka saba da su, domin masu ba da kuɗi sun san su. Na farko shi ne tambayar irin abincin da gida ya ci a kwana bakwai da suka wuce, na biyu kuma matakan da gida ya ɗauka don ya rayu, kamar sayar da dabba mace mai haihuwa, jinginar da gona, cire yara daga makaranta ko tura su bara. Waɗannan sun fi kuɗin shiga saurin nuna halin da gida ke ciki, kuma mutane ba su cika jin tsoron amsa su ba.

Jami'in Bibiya, Gusau, ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Baba, Malama da Malam. Abin da ya rage mini shi ne fargabar shugabannina, waɗanda ke ganin idan muka nuna cewa kaso mai yawa na mutanenmu sun watse, kuma ma'aunin da aka yi yarjejeniya a kansa bai cika ba, masu ba da kuɗi za su ɗauke tallafin su kai inda ya fi sauƙi, ƙarshe ƙauyukan da suka fi buƙata su ne za su rasa. Shin ya halatta a sauya ma'auni a ƙarshen shiri?

Mai Binciken Kuɗi, Kaura Namoda, ya amsa:

Ƙanena, amsar ita ce ba ka da ikon goge ma'aunin da aka sa wa hannu, amma kana da ikon ƙara wasu a gefensa tare da bayyana dalili. Ka kawo sakamakon kuɗin shiga yadda yake, ko bai yi daɗi ba, sannan ka biyo da sauran. Ƙa'idojin tantance ayyukan raya ƙasa na kwamitin masu ba da tallafi na OECD, wato ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, waɗanda aka fara fitarwa a 1991 aka sabunta su zuwa guda shida a 2019, suna ba ka wannan dama, domin na farkonsu yana tambaya ne ko shirin ya dace da buƙatar mutane, kuma ko ya ci gaba da dacewa bayan yanayi ya sauya. Rabon awaki a inda ake kore dabbobi da daddare tambaya ce ta dacewa kafin ta zama ta riba, kuma mai ba da kuɗi da ya san aikinsa ya fi son ya ji haka daga bakinku da ya gano shi daga baya.

Sai dai ina da saɓani kaɗan da waɗanda suka riga ni, ko in ce ƙari mai ɗaci. Duk sassaucin da suka nema wa shirin gaskiya ne, amma kalmar rashin tsaro ta zama mayafi ga marasa amana a wannan aiki. Na taɓa duba takardun wani shiri inda aka biya ɗan kwangila kuɗin rijiya a ƙauyen da aka san babu mai zuwa dubawa, kuma da aka tambaya sai aka ce 'yan bindiga sun lalata ta, alhali ba a taɓa haƙa ta ba. Saboda haka kafin ka tambayi ko tallafin ya yi tasiri, ka tabbatar ya isa. Matar da ke gudun hijira a Anka tana iya gaya maka awaki nawa ta karɓa a hannunta, ko an cire mata wani abu da sunan kuɗin fom, da kuma ko rijiyar garinsu ta taɓa ba da ruwa bayan gyara. Ka gwada maganarta da takardar rabo da rasit ɗin dillalin da aka sayi dabbobin a wurinsa. Kada kuma ka bari ma'aikacin da ya yi rabon ya zama shi ne zai zaɓo maka waɗanda za ka yi hira da su, kuma kada ka dogara da shaidar uban ƙasa ko hakimi kaɗai, ba don zargi ba, sai don shi ma yana son a sake kawo wa ƙasarsa wani shirin. Ga ƙauyukan da sai ɗan gari ke shiga, ni ina ganin a tura mutum biyu da ba su san da juna ba a lokuta dabam, kowa ya ɗauko hoto mai ɗauke da kwanan wata da alamar wuri.

Malama Mai Tattara Bayanai, Zuru, ta ƙara da cewa:

Yaya, na goyi bayan tura mutum biyu, amma ban goyi bayan sharaɗin hoto a ko'ina ba. A garin da 'yan bindiga ke shiga kasuwa da rana, kuma suke tare hanya suna bincika wayoyi, yaron da aka kama da hoton rijiya da alamar wuri za a ɗauke shi ɗan leƙen asirin sojoji, kuma ladan yini guda da kuke biya ba zai fanshe shi ba. Shawarar ɗaukar hoto a bar ta a hannun wanda zai shiga, a gaya masa tun a gida cewa za a biya shi cikakken haƙƙinsa ko ya dawo babu hoto, domin in ba haka ba talauci zai sa ya yi kasadar da bai kamata ba. Inda hoto bai yiwu ba, akwai shaidun da ke fitowa da kansu zuwa babban gari: makanikin da ke gyaran famfo ya san rijiyar da ke aiki tunda shi ake kira, mai sayar da kayan gyaran inji ya san garin da ke sayen bututu da man inji, dillalan albasa da tattasai kuma sun san fadamar da kaya ke fitowa daga cikinta. Idan bakin uku daga cikin irin waɗannan ya zo ɗaya da na matan da suka yi hijira, Malam Jami'i yana iya rubutawa, ya kuma nuna a gefen kowane ƙauye ko da ido aka gani, ko ta waya aka ji, ko ta bakin shaidu aka tabbatar.